Cin Abinci da Fuskar Wani

Ranar da ɗaliban nan na unguwar Hulme da ke Manchester a Ingila, maƙwabtan 'yata Rifkatu, suka gayyace ni cin naman Sallah a flat ɗinsu, ina cikin fama da wani ƙashin rago sai ɗaya daga cikinsu, Auwal, mai karatun digiri na uku a uni, ya dube ni ya ce, "Baba Iliya, gaskiya ba mai sana'a mai daɗi irin taka. Allah ya ba ka fuska kyauta, kai kuma ka je ka tsaya kawai a biya ka. Ni ma ana cewa ina kama da wani ɗan ƙwallo. Ko za ka haɗa ni da mutanenka?"

Ban amsa nan take ba, domin ba a wa'azi da nama a baki. Sai da na haɗiye na wanke hannu, sannan na ce su gyara zama. Abin da na gaya musu ke nan, har da abin da na manta ban faɗa ba a ranar.

Sana'ata a ƙasar nan lookalike ake ce mata. Ka yi kama da wani shahararren mutum, sai a ɗauke ka haya ka je biki ko taro ka zama shi na wani ɗan lokaci. Wanda ni nake zama wani tsohon ɗan fim ne na Amurka, baƙin mutum, na zamanin da fim ba shi da launi. Ba na kama sunansa, yarjejeniyar aikinmu ta hana. A gidana Maigida muke ce masa, tunda shi ya ciyar da yarana bai ma sani ba.

Ɗan wanzami ne daga kudancin ƙasarsu. Yana saurayi ya samu aikin tuƙa lif a wani otal, a nan wani mai shirya fim ya gan shi. Shekarunsa na farko a fim ba abin da yake yi sai ɗaukar tire. Ya shigo da shayi, ya rusuna, ya fita. Ya ɗauki tire a jirgin ƙasa, ya ɗauka a jirgin ruwa, ya ɗauka a gidan attajiri, har akwai fim ɗin da hannunsa da tiren kaɗai suka fito. Daga baya aka ba shi kwat da malafar Turawa ta ulu, ya fito a makaɗin gidan rawa wanda ba ya sunkuya wa kowa. Shi ke nan, ƙofa ta buɗe. 'Yan matan Ingila na lokacin suka rasa hankalinsu a kansa. Ya yi tashe, ya yi aure ya sake, ya tsufa ya koma fitowa a alƙali ko kakan wani, ya rasu tun ban taka ƙasar nan ba. Ni kuwa a Kafanchan na tashi, finafinan Indiya da na 'yan kareti muka sani. Ko sunansa ban taɓa ji ba.

Lokacin ina tuƙa bas a Birmingham, hanyar Stratford Road, sai na lura tsofaffin mata Turawa in sun shigo sun nuna katinsu ba sa wucewa. Su tsaya su ƙura mini ido. Na ɗauka ko wani abu ne a hancina, har na riƙa yawo da hankici. Wata rana wata ta dafa ƙarfen da ke gefena ta ce a hankali, "Ashe ba ka mutu ba." Na ce, "Tukuna dai, Madam. Ki zauna, za mu tashi."

Ba a daɗe ba, a Sparkhill, ana yayyafi, wani dattijon Bature ya shigo da takalmin kaboyi da faffaɗar malafa. Ya dube ni ya ce, "Ɗaga mini gira ɗaya." Na ce ya wuce ciki, yana tare wa mutane hanya. Ya wuce, amma da zai sauka ya ajiye mini lambarsa da wani tsohon hoto. Da na kai gida na miƙa wa matata Saratu hoton. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Yaushe ka yi wannan kwat ɗin, kuma wace ce wannan da ke jingine da kai?"

Wannan dattijo shi ne Dennis, malamina. Mai gyaran famfo ne da ya yi ritaya, ya kuma shekara da shekaru yana fita a matsayin wani kaboyi na fim, alhali shi ko jaki ya gani sai ya sake hanya. A garejin gidansa da ke Erdington na yi karatuna, duk ranar da ba ni da aiki. Darasin farko da ya ba ni, kai Auwal ka riƙe shi: kamannin da Allah ya ba ka kyauta suna ƙarewa ne da zarar ka ɗaga ƙafa ko ka buɗe baki. Mu ma ai muna cewa kama da wane ba ta wane. Daga nan sai aiki.

Ya riƙa sa mini kaset ɗin finafinan Maigida ya kashe sautin, ya ce in kalli kafaɗa kawai. Gobe in kalli hannu kawai. Yadda yake shiga ɗaki, ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran ɗakin ya gaishe shi. Yadda yake taɓa bakin malafa da yatsa biyu. Sai babban abin, girar hagu, wadda yake ɗagawa ita kaɗai in wani ya faɗi maganar banza.

Girar nan ta ci mini lokaci. Na liƙa hotonsa a gefen madubin banɗaki ina gwadawa, Saratu na buga ƙofa. A bas ma in danja ta tsayar da mu sai in yi a madubin direba, har wata fasinja ta kai ƙara ofis cewa direba yana mata sigina. Da na ga girar ta zauna daram, na tafi Erdington da alfahari na ɗaga wa Dennis. Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ta yi kyau ƙwarai. Sai dai ba ita ba ce." Ashe madubi ya juya ni. Ina daidaita fuskata da hoton gefe da gefe, na horar da ta dama. Aka koma farko. Ta daman kuma ta riga ta koyi tashi, ta ƙi kwanciya. Na yi watanni in na ɗaga ta hagu sai su tashi tare, in koma kamar mutumin da aka miƙa wa bill ɗin gas na hunturu.

Tafiya kuwa, Maigida yana ɗan jan ƙafar dama, an ce doki ne ya taɓa kayar da shi wajen ɗaukar wani fim. Ba ɗingishi ba ne sosai, wani ɗan jinkiri ne mai kama da isa. Na koya har ya zame mini jiki. Ranar da gwiwar ta fara ciwo na gaske na je wajen GP, likitan unguwa, ya lallatsa ya ce, "Ka taɓa faɗuwa a kanta?" Na ce, "Ni dai a'a. Wani ne ya faɗo daga doki a Amurka tun ba a haife ni ba." Likitan ya ajiye biro, ya matso da kujerarsa, ya tambaye ni cikin lallashi ko na san yau wace rana ce.

Murya ce ta gagare mu. Ta Maigida mai kauri ce, a hankali, kamar ana jan buhu a kan siminti. Kaurin na samu, amma Turancina na Kafanchan ya ƙi barin gida. Dennis ya yi iya yinsa, a ƙarshe ya yanke hukunci. Ya ce, "Mutumin nan dama ba mai surutu ba ne. Jimla uku za ka haddace. In aka tambaye ka abin da ya wuce su, taɓa malafa ka kalli nesa." Rabin sana'ata ke nan har yau, kallon nesa. Kada ku raina shi. Ku gwada kallon bango cikin natsuwa alhali wata tsohuwa na tsunkulin kumatunku.

Shi ya kai ni wajen Madam Pauline, mai ofishin da ke samo mana aiki. Ta sa na shiga ɗaki na fita, na sake shiga, sannan ta ce da Dennis, ba da ni ba, "Zai yi. A nema masa kaya."

Kwat ɗina na farko wani tela ɗan Pakistan ne a Sparkhill ya ɗinka, muna riƙe masa hoto. Kafaɗa kamar ƙofar gareji, wando kuma har haƙarƙari. Ya yi ta tambaya ko na tabbata, domin kada a ce shi ya ɗinka. Malafar kuwa ita ce uwar kayan aiki. Ba a kama ta ta sama, ba a ajiye ta a kife, ba ta shan ruwa. Akwatinta daban, a mota kujerarta daban, har bel nake ɗaura mata. Akwai siririn gashin baki, wanda nawa ya ƙi fitowa a tsare, sai da jagirar Saratu nake cike shi. Sai takalmi sau-ciki mai launi biyu, da man gashi, da rini. Sai abubuwa biyu da suka kusa raba ni da ikilisiya: sigarin roba wanda ba ya kamawa, da kofin gilashi da nake zuba baƙin shayi mai sanyi a ciki ya yi kamar giya.

Wani aiki da na yi a wani otal, hotona ya fito a 'yar jaridar unguwa, sigari a leɓe, kofi a hannu, wata Baturiya ta rataya a kafaɗata. Ni kuwa a lokacin ni ke karɓar baiko, wato kuɗin sadaka, a cocinmu. Ranar Lahadi bayan sujada Fasto ya ce dattawa na son ganina. Na tarar da su a jere, jaridar a kan tebur, fuska ba annuri. Baba Ayuba, wanda ya girme mu duka, ya ce, "Iliya, mun san ƙasar nan tana da wuya. Amma ba a gyara wuya da kwalba."

Na ce su ba ni izini in ɗauko shaidata a mota. Na dawo da kayan. Na miƙa wa Baba Ayuba sigarin na ce ya kunna. Ya murza shi, ya shinshina, ya ɗan cija. Na zuba masa abin da ke cikin flas, ya ɗanɗana ya yamutsa fuska ya ce, "Ko sukari babu. Ai wannan ya fi giyar azaba." Fasto ya ce to Baturiyar fa? Na ce shekarunta sun haura tamanin, ba rataya ta yi ba, faɗuwa za ta yi na tare. Suka dubi juna. Can Fasto ya ce in sa malafar su gani. Na sa, na fita, na shigo, na tsaya a bakin ƙofa, na ɗaga wa Baba Ayuba gira. Bayan wata guda ni ne a bakin ƙofar zauren coci ranar tara gudummawar gyaran rufi, Turawan unguwa na layin ɗaukar hoto. Sigarin kawai aka ce in bari a mota.

Masu ɗaukar mu aiki kala-kala ne. Akwai ƙungiyoyin masu son tsofaffin finafinai, waɗannan su ne masu wahala, sun san launin safar Maigida a kowane fim. Akwai bikin cikar shekarun aure. Amma tuwon yau da gobe yana care home, gidajen kula da tsofaffi, domin 'yan matan da suka yi ihu saboda shi a da, can suka koma.

A wani irin gidan a Erdington aka kira ni bikin zagayowar haihuwar wata tsohuwa, Madam Edna. Na shiga falo, na tsaya, na taɓa malafa. Ta dafe ƙirji, ma'aikata na tafi. Sai na ji ƙarar ƙarfe a bayana. Mijinta ne, Mista Walter, yana turo keken nan na koyon tafiya da tsofaffi ke dafawa, idonsa ja. Ya ce, "Kai ne. Tun ranar da na aure ta hotonka ke gefen gadonmu. Yau sai mun yi ta ta ƙare." Ya ɗaga sandarsa.

To, dokar sana'a ita ce ba ka fita daga jikin mutumin muddin malafa na kanka. Maigida kuwa bai taɓa gudu a fim ba. Sai na juya na kama tafiyar nan ta jan ƙafa, shi kuma yana biye da kekensa. Muka zagaye teburin kek. Muka sake zagayewa. Ban taɓa ganin tsere mai sanyin wannan ba, wata ma'aikaciya har ta wuce ta tsakaninmu da tiren shayi ba abin da ya zube. Madam Edna na daga kujera tana cewa, "Walter, kada ka taɓa masa fuska." Da na ga numfashinsa ya fara sama-sama, na tsaya, na cire malafar na riƙe a ƙirji, na yi amfani da jimla ta huɗu wadda ba ta cikin haddata. Na ce, "Yallaɓai, kai ta aura. Ni hoto kawai na samu." Ya tsaya yana haki, ya dube ni, ya dubi matarsa. Ya ce, "Haka ne kuma." Tare muka yanka kek ɗin. Ya ba ni yanki mafi ƙanƙanta.

Da aiki ya kankama sai na ajiye tuƙin bas. Ana haka shekarar annoba ta zo, ta same ni ba reshe ba tushe. Aka rufe gidajen tsofaffi, aka hana taro. Wasu gidajen suka ce in zo in tsaya a waje ta taga. Na tsaya a kan ciyawa cikin ruwan sama, lema a kan malafa ba a kaina ba, gashin bakina na jagira yana gangarowa haɓa. In an ce in sa takunkumi kuwa, rabin abin da aka biya a gani ya ɓuya. Aka koma yi ta kwamfuta. Ranar farko intanet ɗin gidanmu ya tsaya cak ina tsakiyar ɗaga gira, ni ban sani ba ina ta zuba aiki ni kaɗai a kicin. Washegari shugabar gidan ta bugo wa Madam Pauline ta ce ba su taɓa ganin gwani irina ba, sak hoton, ko ƙiftawa babu.

Daga baya wannan ma ya ƙafe. Na koma raba kaya gida-gida da mota. A shekarar Dennis ya rasu, ba a bar mu mun je jana'iza ba. Ɗansa ya aiko mini da kaset ɗin da takalmin kaboyin, wanda bai shige ni ba. Zaman gida da tuwon Saratu kuma suka yi nasu aikin. Ranar da aka buɗe gari na ɗauko kwat, maɓalli da ƙofarsa suka tsaya suna kallon juna daga nesa. Madam Pauline ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Iliya, mutane suna biya ne su ga saurayin cikin fim. Shi ba shi da tumbi."

Wannan ita ce cutar sana'ar, Auwal. Wanda kake kwaikwayo ya tsaya a shekarun da aka fi sonsa, ba ya gaba. Kai kuwa kullum kana tafiya. Ɗan ƙwallonka ma, ranar da ya canja aski sai ka canja, ranar da ya yi abin kunya kai za a jefa da kwalba.

Ina cikin wannan hali Madam Pauline ta bugo. Ta ce wani ƙaramin silima a Manchester zai yi mako guda yana nuna finafinan Maigida, suna son in tsaya a ƙofa ranar buɗewa. Kafin in yi godiya ta ce, "Tsaya. Sun gayyato 'yarsa daga Amurka. Ita ke da iko da suna da hoton babanta, kuma an ce ta hana masu irin aikinka a can. In ta gan ka ranta ya ɓaci, magana ɗaya za ta yi, ni da kai mu nemi wata sana'a. In kuma ka ƙi zuwa, ba ni da wani aikin da zan ba ka."

Saratu ce ta tuƙa mu saboda gwiwa. Kafin mu fito ta ɗauko bel ɗin ɗaure ciki da ta yi jego da shi, ta sa ƙafa a bayana ta ja. Kwat ya rufe. Numfashi ne dai ya koma na awo. Na sha rini, na ja gashin baki, muka hau babbar hanyar M6, malafa a kujerar gaba, ni a baya a miƙe kamar katako.

Da yamma mutane suka fara shigowa, ina bakin ƙofa ina taɓa malafa. Sai ga manajan silimar da wata 'yar tsohuwa gajera, baƙa, da tabarau da sanda. Madam Yvonne ke nan, 'yar Maigida, ta ma girme ni. Na ba ta duk abin da Dennis ya koya mini: tsayuwa, kafaɗa, yatsa biyu, gira. Ba ta yi murmushi ba. Ta zagaye ni a hankali kamar mai tayin akuya a kasuwa, sannan ta ce da manajan, "Ba ni aron ofishinka. Da shi."

Muka shiga, Saratu ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da akwatin malafa. Madam Yvonne ta zauna ta ce, "Cire hular."

Na cire.

"Sauke girar nan. Babana bai taɓa yi mana ita a gida ba, ta kyamara ce. Me ke ƙarƙashin rigarka? Kana numfashi kamar kifi."

Na ce bel ne, Madam.

"Kwance shi."

Na dubi Saratu, Saratu ta dubi silin. Na juya baya na ɓalle shi. Tumbi ya fito kamar fursunan da aka yi wa afuwa. Na ce a raina shi ke nan, gobe sai raba kaya.

Ta ce, "Zauna. Ba haka ba, saki jikinka. Kamar ka dawo daga aiki ƙafa na ciwo."

Wannan ba ya bukatar koyo. Na zube a kujera. Ta gyara tabarau ta daɗe tana kallona. Da ta sake magana muryarta ta sauka.

Ta ce, "Yanzu ka fara kama da shi. Wancan na bakin ƙofa ban san shi ba, a silima nake ganinsa kamar kowa. Wanda na sani yana da tumbi, yana da sanƙo, shi ya sa ba ya rabuwa da hula. Da silifas yake yawo a gida. Ka san aikinsa in ya dawo? Bin ɗakuna yana kashe wuta. Mutumin da hotonsa ke kan gine-gine, amma bai taɓa yarda kuɗin nan za su zauna ba. Kullum gani yake gobe za a miƙo masa tire. In ka fita daga ɗaki ka bar fitila, tun daga ƙasan bene za ka ji shi." Sai ta dube ni ta ce, "Ka ce mini, wa ya bar wutar nan a kunne."

Na gyara murya, na jawo kaurin nan na fim, na faɗa da Turanci a hankali.

Ta girgiza kai. "Wannan ai neman aure kake yi. Faɗa yake yi."

Na sake, na ƙara ƙarfi. Ta ce yanzu kuma na zama alƙali. Na sake, ta ce a'a. Gumi ya fara wanke mini rini. Ta jawo sandarta alamar za ta tashi, ta ce ba komai, dama ba ta sa rai ba.

Sai Saratu ta yi magana daga bakin ƙofa, da Hausa. Ta ce, "Baban Rifkatu, ka tuna ranar da muka dawo daga coci ka tarar yaran sun bar wutar falo da ta kicin da ta banɗaki, ga hita a kunne, ga taga a buɗe."

Ban san sanda na miƙe ba. Muryata ta gida ta fito, siririya, mai tsini, wadda ba wanda zai biya ya ji. Na nuna fitilar ofishin na ce, da Hausa tsantsa, "Wane ɗan gidan ministan ne ya bar wutar nan a kunne? Ubanku ne ke da kamfanin lantarki? Ni kaɗai ne mai ido a gidan nan? Ku ci gaba, ranar da aka yanke sai ku kunna haƙoranku!"

Madam Yvonne ba ta jin ko kalma ɗaya. Ta saki sandar ta faɗi. Ta kama dariya har ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa. Ta cire tabarau tana share ido, sharewar ta ɗan daɗe fiye da dariyar, mu kuma muka kalli wani wajen. Da ta ɗago ta ce, "Shi ne. Har hannun. Sake yi."

Na sake. Manajan ya leƙo a tsorace, ya ga ina nuna fitila ina faɗa, sai ya miƙa hannu ya kashe ta yana ba da haƙuri. Muka zauna a duhu mu uku, tsohuwar nan na neman shiɗewa.

Da za a fara fim ta ce in mai da hulata in koma ƙofa in ba mutane abin da suka zo gani, amma bel ɗin ya zauna a jaka. Ta kira Madam Pauline a gabana ta ce mutumin nan ya ci gaba da aikinsa, kuma kada wanda ya sake takura wa cikinsa, a buɗa masa kwat ɗin. Telan Sparkhill ya buɗa. Har yau ina fita, sai dai yanzu an fi kira na a matsayin Maigida na finafinan ƙarshe, alƙali ko kaka, inda ake yin aikin a zaune.

A hanyar komawa Birmingham na zauna a gaba, malafa ta koma baya. Ina ta lissafa wa Saratu irin wahalar da na sha a garejin Dennis, da girar, da gwiwar, da kallon nesa, na ce ga shi yau 'yar mutumin da bakinta ta ce shi ne. Saratu ta wuce wata babbar mota. Sannan ta ce, "Ai na ji. Shekara da shekaru kana gaban madubi kana koyon bawan Allahn nan. Ashe duk a banza, rowar ce kaɗai kuka haɗa, ita kuwa da ita na aure ka."